Yadda Takalmina Ya Kusa Cinye Gonar Baba Maina

Tun da na dawo daga Haɗeja ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce yaya garin yake, wancan ya ce da gaske ne mun yi magana da taurari, shi kuwa Ayuba kullum tambayarsa ɗaya ce, wai ina sabon takalmin da na yi wata guda ina yi muku yanga da shi. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma ku sani tun yanzu, ba labarin yawon buɗe ido ba ne. Labarin gonar shinkafar wani tsoho ne, Baba Maina, wadda saura ƙiris in raba shi da ita, ba da mugunta ba, da surutu da takalmi.

Ga wanda bai san aikina ba, ni Bitrus mai zanen taswira ne a ofishin safiyo. Shekara goma sha ɗaya ina kan tebur, wasu su shiga daji su kawo lambobi, ni in mayar da su layi. Ban taɓa fita aikin fili ba. Sai aka ce akwai wani kufai a fadamar Haɗeja, tsohon gari mai ragowar ganuwa da kaburbura, masu bulo suna ɗibar ƙasarsa, masu noman alkama da tarakta suna gutsurarsa ta gefe. Hukuma tana so a shata masa iyaka, a kafa ginshiƙan siminti, a sa hannu a taswira. Daga ranar da aka sa hannun, duk abin da ya faɗa cikin layin ba noma, ba haƙa, ba gini. Kuma ni na san takardar da manya suka riga suka sa wa hannu, gyara ta ya fi haƙa rijiya wuya.

Mu uku aka tura, ban da direba. Akwai Safiyo Garba, shugabanmu, wanda ya yi kwas na mako biyu a kan wata sabuwar na'ura da aka aro mana, ana ce mata ji-fi-es. Akwai Malama Hadiza daga ɓangaren kayan tarihi, mace mai ƙarancin magana, in kuwa ta yi ba ta janyewa. Sai ni, don in zana a can, tunda mai siminti yana jira. Na'urar ba ta fi rediyon hannu girma ba, sai cin batir kamar me. Oga Garba ya ce mini zamanin jan sarƙar awon ƙasa cikin ƙaya ya wuce, yanzu aikin danna maɓalli ne. To ku gaya mini, mutumin da aka ce masa haka, me zai hana shi sa sabon sau-cikinsa?

Mun bar Kano da hantsi a tsohuwar Landiroba, kaka ta shigo, ruwan sama ya ɗauke. Mun wuce Gezawa lafiya. A shingen da ke inda Kano ta ƙare Jigawa ta fara, jihar da ba ta daɗe da samun kanta ba, wani mai kaki ya leƙo ya ga na'urar a cinyar Oga. Ya ce oba-oba ce, da wa muke magana. Oga ya sauko ya yi masa bayani, ya kunna ta, ya ɗaga ta sama yana jira ta kama taurarin ɗan'adam huɗu. Muka tsaya cikin rana kusan minti goma sha biyar, motoci suna wucewa ana kallonmu kamar masu roƙon ruwa. Da ƙyar lambobi suka fito. Oga ya nuna masa da alfahari, ya ce ga inda muke tsaye a duk faɗin duniya. Mutumin ya dubi lambobin, ya dube mu, ya ce shi ai ya san inda yake, tun safe yake tsaye a nan. Ya ɗage mana itacen muka wuce, muka nufi Gumel.

Bayan Gumel taya ta yi faci, jek ɗinmu kuma ya ƙi ɗagawa. Direba ya ce in nemo dutse a tokare. Na yi gabas, na yi yamma, ban ga ko tsakuwa ba. Ni ɗan Filato, wanda ya tashi yana tuntuɓe da dutse tun daga bakin ɗakin uwarsa, yau ga ni ina neman guda ɗaya a ƙasa kamar mai neman allura. Ƙarshe da kututturen itace aka yi. A Malam Madori, kusa da layin dogo, muka ci burabusko da miyar kifi. Daga nan kuma ban sake ganin abinci marar kifi ba sai da na dawo. Kifi da safe, kifi da rana, har kunun da aka ba ni sai da na juya cokali a ciki don in tabbata. A gida kifi sai ranar biki, amma kwana uku a Haɗeja sai da na yi kewar gwaten uwata.

Gidan saukar baƙi ya cika da ma'aikatan sabuwar jiha. Malama Hadiza ta tafi wajen danginta, ni da Oga muka sauka gidan Malam Yohanna, wani malamin makaranta ɗan Kagoro da na sani tun a coci a Sabon Gari. Matarsa, Mama Rifkatu, ta shekara ashirin tana saro bandar kifi a ƙauyukan fadama, ba lungun da ba ta sani ba. Sun karɓe mu hannu bibbiyu, sauron gidan ma haka.

Da safe Oga ya ce mu gwada na'urar a tsakar gida. Muka ɗora ta kan turmi, muka ɗauki lamba sau uku, na sa su a taswirar gari. Na farko ya ce muna gidan. Na biyu ya ce muna gidan maƙwabci. Na uku ya tsallakar da mu titi. Turmi kuwa yana nan inda yake. Oga ya ce ba lalacewa ta yi ba, masu taurarin ne da gangan suke ɗan girgiza lambobin don kada kowa ya samu daidai, maganinsa a daɗe a tsaye, a ɗauka da yawa, a fitar da tsakiya. Na gyaɗa kai kamar na gane. Allah ya sani, kaina ɗaurewa ya yi. Abin da bai san inda turmi yake ba, shi zai raba wa mutane ƙasa?

Mota ta kai mu inda hanya ta nutse, daga nan sai kwale-kwale. Ban iya ruwa ba, don haka na zauna a ƙasan jirgin na rungume takalmina, idona a rufe rabin tafiyar. Da na buɗe sai na ga muna wucewa ta kan wani fili mai ruwa iya gwiwa, na tambayi mai tuƙin na wa ne. Ya ce na masunta ne. Wani fasinja ya ce a'a, gonar wane ce. Na uku ya ce makiyaya ne da wurin. Na ce to wanne ne mai gaskiya a cikinku? Suka ce duka. In ruwa ya cika na masu kamun kifi ne, in ya janye na manomi ne, in an girbe na masu shanu ne. A garinmu kyarana mai ƙaya ake dasawa a iyaka, a jera duwatsu, in kakanka ya dasa tana nan har jikanka, kuma akuyarka ta tsallaka a ji ku har gaban mai gari. Nan kuwa ƙasa ɗaya masu ita uku, kuma ruwa ne ke gaya wa kowa lokacinsa. Na shiga tunanin yadda zan zana wannan da fensir.

A ƙauyen aka kai mu zauren Bulama, wato mai garin. Kowa ya tuɓe takalmi a waje ya bar shi nan. Ni kaɗai na ɗauki nawa, na ciro hankici na goge ɗan ɗigon laka a bakinsa, na ɗora shi kan wani kututture nesa da kaji. Ina yi wani tsoho dogo siriri yana kallona. Shi ne Baba Maina. Gidansu ne ke share kaburburan kufan duk shekara tun kaka da kakanni, gonarsa kuma, guda ɗaya tak da yake ci da iyalinsa, tana manne da ganuwar ta gabas.

Bayan gaisuwar da na ɗauka ba za ta ƙare ba, Bulama ya yi tambaya ɗaya, ko iyakar za ta ci gonar wani. Malama Hadiza ta shimfiɗa hoton da aka ɗauka daga jirgin sama shekarun baya, ta nuna zoben ganuwar, ta ce iyaka gindin ganuwa ce, ba gonar da za a taɓa. Bulama ya ce madalla, Baba Maina zai zaga da mu, ba wanda ya fi shi sanin wurin.

A hanya tsohon ya matso kusa da ni, tunda ni ne mai fara'a, ya tambaye ni yadda abin yake aiki. Nan ne bakina ya ja mini. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara murya. Na ce akwai taurari da Turawa suka harba, suna can sama suna ganin komai, ganuwa, kabari, gona, ko allura ka yar sun gani, su ne suke gaya wa na'urar gaskiyar wuri. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce ikon Allah.

Malama Hadiza ta shiga cikin kufan tana duba fasassun tukwane, mu uku muka kama zagaye. Tsohon yana gaba, muna biye. Duk inda hanya ta karya, Oga ya tsaya, ya ɗaga na'ura, ta yi ƙara, ya karanto lamba in rubuta, ya kafa turke inda mai siminti zai haƙa. Arewa da yamma da kudu ganuwar tana tsaye, wani wurin ta kai kafaɗa, ƙasa kuma busasshiya. Baba Maina yana ta ba mu labari, ga ƙofar da ake shiga da shanu, ga inda marina take. Da muka iso gabas sai ganuwar ta narke ta shige cikin ciyawa, ban ƙara ganinta ba. Tsohon ya tsaya. Ya dubi gabansa, ya juyo ya dubi ƙafafuna, sannan ya karkata dama ya hau wata jinga, busasshiyar hanya mai tudu. Muka bi shi. Shinkafa ta yi kai a hagunmu, ta fara ja, gwanin sha'awa, har na yaba.

A kan jingar Oga ya kafa turke na bakwai, da na takwas, da na tara. Na lura tun daga na bakwai tsohon ya daina magana. Na ce a raina gajiya ce, ai shekaru sun ja. Muka rufe zagaye, aka ce wa mai siminti ya fara haƙa da sassafe, muka yi sallama. Baba Maina ya raka mu har bakin ruwa ya yi mana addu'a.

Da la'asar na baje takarda kan teburin Malam Yohanna na sa lambobin. Gefe uku suka hau kan hoton jirgi daram. Gefen gabas kuwa ya kumburo waje kamar cikin wata bakwai. Na goge na sake, haka. Aka kira Malama Hadiza. Ta ce na'urar ce ta yi ƙarya, ba ita ce ta kai turmi gidan maƙwabci ba? Oga ya ce ƙaryarta ba ta kai haka ba, kuma ba ta yin ta gefe ɗaya sau uku a jere, hoton ne ya tsufa. Ta ce ganuwa ba ta tafiya. Ya ce a ƙasar da gona ke zama kogi komai ma yana iya tafiya. Suka juyo kaina wai ko na juya lamba. Raina ya ɓaci, na ce shekara goma sha ɗaya ban taɓa juya lamba ba, abin da aka karanto mini na zana, in akwai mai ciki a cikin lambobin ba ni na yi mata ba. Har magariba muna abu ɗaya. Ƙarshe Oga ya ce shi aka tura da na'ura, abin da ta ce shi za a kai, gobe in tsabtace zanen ya sa hannu. Ba wanda ya tambayi abin da ke cikin kumburin, har da ni da na tsaya na yaba shinkafar.

Washegari ina shan kunu, Mama Rifkatu tana shara, ta zo kan takalmanmu a bakin ƙofa. Ta ɗaga nawa ta juya shi.

"Malam Bitrus, ba jiya kuka ce kun zaga tsohon garin nan ba?"

Na ce mun zaga shi kaf.

"Da wannan? Ni na san wurin. Gindin ganuwar gabas a wannan lokaci laka ce har gwiwa. Ba mai bi ta nan ya dawo da takalmi yana ƙyalli."

Kofin ya tsaya mini a hannu. Na tuna tsohon ya tsaya, na tuna ya dubi ƙafafuna. Mama Rifkatu ta ce ai mutanen fadama haka suke, ba sa shigar da baƙo laka, ko za a ninka tafiya sai sun bi da shi ta tudu, abin kunya ne a ce baƙonka ya koma da ƙazanta. Sai a nan na gane. Na'urar ba ganuwa take bi ba, ƙafar mai riƙe da ita take bi. Mu kuma mun bi jingar da ta kewaye gonar Baba Maina, mun zuba ta cikin iyaka gaba ɗaya.

Oga ya yi ta faɗa, ya ce me ya hana tsohon magana, me ya hana ni ganewa, me ya kai ni sa takalmin coci a fadama. Na ce wa ya ce mini aikin danna maɓalli ne? Amma mutumin kirki ne, yana faɗan yana sa batir a na'ura. Muka ɗauko Malama Hadiza, ba ta ce ai na gaya muku ba, sai dai fuskarta ta faɗa.

Mun iso rana ta ɗaga. Mai siminti ya riga ya kai turke na bakwai, ramin ya ci gefen gonar, an tumɓuke shinkafa an ajiye a kan jinga. Wanda ke cikin ramin yana fitar da ƙasa da fartanyarsa kuwa Baba Maina ne. Ya ga baƙi suna aiki a wurinsa, ya zo taya su.

Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi me ya sa jiya bai bi da mu ta gindin ganuwa ba. Ya ce laka ce, ga shi kuma na sa takalmi mai kyau, kuma tunda na ce daga sama ake gani, ya ɗauka duk inda muka taka ɗaya ne. Na ce to da ya ga ana kafa turaku a bayan gonarsa fa, me ya hana shi magana? Ya jingina fartanyar, ya share hannu a riga.

"Malam, na ji abin ya yi ƙara, na ga an kafa. Na ce wanda ke sama ya ga abin da ban gani ba. Wataƙila kakana ne ya shiga ƙasar mutanen nan da ke kwance bai sani ba, muka yi ta ci a kansu. In haka ne, gara a karɓa."

Ya ce bai gaya wa iyalinsa ba tukuna, yana so ya roƙi alfarma a bar shi ya yanke ta bana.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ban taɓa jin na tsani bakina kamar ranar ba. Na ce Baba ƙarya na yi maka, ba don cuta ba, don kada a ce ban sani ba. Abin nan ba ya ganin ganuwa, ba ya ganin kabari, ba ya ganin komai. Inda mai riƙe da shi ya tsaya kawai yake faɗa, shi ma sai an yi haƙuri da shi. Tsohon ya daɗe yana kallon na'urar a hannun Oga.

"Ashe makauniya ce," in ji shi. "Ni ne ɗan jagoranta, na kai ta inda ba nan ba."

Na ce ba shi ya kai ta ba, ni ne.

Muka koma inda ya tsaya jiya. Na sunkuya zan tuɓe takalmin, ya hana ni, ya ce lakar cike take da fasassun tukwane, ƙafar ofis ba za ta kai ko'ina ba. Haka na shiga da shi. Taku uku laka ta kai mini gwiwa. Tsohon yana gaba yana caka sanda, inda ta ci karo da tauri ya ce nan ce ganuwa. Malama Hadiza tana bin mu ta tudun ciki da hoton a hannu tana tabbatarwa. Wannan karon Oga bai yarda da na'urar ita kaɗai ba. A kowace kusurwa sai ya daɗe a tsaye cikin laka yana tara lambobi, sannan mu ja tef ɗin awo daga wata kuka da ta fito sarai a hoton jirgin. Wato dai jan sarƙar da aka ce ya wuce, shi muka yi, har da ƙari. A sabon turke na takwas na ɗaga ƙafar hagu ta fito da safa kawai. Na lalube har kafaɗa ban same shi ba, na ƙarasa zagayen da ƙafa ɗaya a takalmi.

A zauren Bulama na zana, a kan tabarma, laka tana bushewa a jikina. Layin ya hau kan ganuwar, cikin ya sace, gonar tana waje. Na kai wa Baba Maina takardar na nuna masa da yatsa. Bai iya karanta taswira ba, kuma bayan abin da na yi masa ban ga dalilin da zai yarda da bakina ba. Ya dubi Malama Hadiza, ta ce haka ne Baba. Ya tashi ya fita, muka bi shi da ido. Ya koma kan jinga ya mayar da ƙasar ramin da hannunsa, ya ɗauki shinkafar da aka tumɓuke yana dasa ta ɗaya bayan ɗaya, alhali shi da mu duk mun san wadda ta riga ta yi kai ba za ta kama ba.

Da za mu shiga jirgi ya riƙe hannuna, ya ce in ruwa ya janye zai haƙo mini takalmina ya aiko. Malama Hadiza ta tambayi ta wane gefen turken ya nutse. Na ce ta ciki. Ta ce to Baba sai dai haƙuri, nan ba a haƙa.

Don haka Ayuba, ga amsarka. Na dama yana ƙarƙashin gadona, ka zo ka gani in kana so. Na hagu yana Haɗeja tare da mutanen da ke kwance, cikin iyakar da na zana da hannuna, Baba Maina yana noma a gefensa.